Tambayoyi da amsoshi kan yadda ƙasashe ke matsa lamba don a sauya gwamnatin wata ƙasa

Tun daga ranar 26 ga Yulin 2023 da sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, maganar nan ba ta bar bakin mutanen Kaduna ba. Ana yin ta a majalisar bayan Isha'i a Tudun Wada, ana yin ta a Kasuwar Bacci, direbobin Kawo masu zuwa Katsina da Jibiya ma kowa da nasa ra'ayin. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini, daga ɗalibai da maƙwabta da 'yan kasuwa. Na bar su kusan yadda aka furta su.

Malam, wai me ake nufi da sauya gwamnati ta hanyar diflomasiyya? Ba yaƙi ba ne aka sake wa suna?

Ba yaƙi ba ne, ko da yake wani lokaci ƙofarsa ce. Abin da ake nufi shi ne wata ƙasa, ko ƙungiyar ƙasashe, ta yi amfani da duk abin da ke hannunta ban da harsashi don mai mulkin wata ƙasa ya sauka, ko ya mayar da mulki ga wanda ya ƙwace wa. Ana farawa da magana: sanarwar Allah wadai, kiran jakada a yi masa gargaɗi, janye jakadanka daga ƙasar. Daga nan sai dakatar da ƙasar daga ƙungiya, hana manyanta biza, rufe asusunsu na waje, yanke tallafi, rufe iyaka. A gefe guda kuma ana tura masu shiga tsakani su ce wa mai mulkin ga hanyar fita, ga inda za ka zauna, ba wanda zai taɓa ka. Na ƙarshe shi ne wa'adi da barazanar tura soja. Idan an kai nan, tsakanin diflomasiyya da yaƙi bai fi taku ɗaya ba.

Dokar duniya ta yarda da haka?

Asalin ƙa'ida shi ne kowa ya tsaya a gidansa. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya haramta amfani da ƙarfi ko barazanarsa a kan wata ƙasa, ya kuma hana ita kanta Majalisar tsoma baki cikin abin da yake na cikin gida ne zalla, sai in Kwamitin Sulhu ya ga zaman lafiyar duniya na cikin haɗari. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kuwa ta ce jakada ba shi da hurumin yin katsalandan a siyasar ƙasar da aka tura shi, kuma ƙasar na iya korarsa ba tare da ta faɗi dalili ba.

Amma babu dokar da ta tilasta maka ka ba wani biza, ko ka ci gaba da ba shi tallafi. Nan ne manyan ƙasashe ke samun wurin motsi. Suna iya shaƙe ƙasa har ta galabaita, su kuma ce ba su karya doka ba.

To ECOWAS fa, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wa ya ba ta ikon gaya wa sojojin wata ƙasa su koma bariki?

Ƙasashen ne da kansu suka ba ta. Lokacin da aka kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo, maganar kasuwanci ce kawai, kuma yawancin waɗanda suka sa hannu sojoji ne ko masu jam'iyya ɗaya. Daga baya ne abin ya sauya. A 2000 shugabannin Afirka suka amince a Lome cewa ba za su karɓi gwamnatin da ta zo ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki ba, kuma dokar kafa Tarayyar Afirka ta ce a dakatar da irin wannan gwamnati. A Disamban 2001 ECOWAS ta yi nata ƙarin yarjejeniya a Dakar kan dimokuraɗiyya da kyakkyawan shugabanci. Nijar tana cikin waɗanda suka shiga wannan alkawari. Saboda haka dakatar da ita ba shisshigi ba ne. Inda malaman shari'a suka rabu shi ne kan tura soja ba tare da izinin Kwamitin Sulhu ba, da kuma kan takunkumin da ya wuce kan masu mulki ya sauka kan talaka.

An taɓa yin nasara kuwa, ko dai surutu ne kawai?

An taɓa, kuma Najeriya ce a gaba a mafi yawansu.

A Yulin 2003 sojoji suka yi juyin mulki a Sao Tome lokacin da Shugaba Fradique de Menezes yake Abuja wajen taro. Cikin mako guda aka sasanta, aka yi wa sojojin afuwa, Obasanjo ya raka shi gida a jirgi. A Fabrairun 2005, da Eyadéma ya rasu, sojojin Togo suka ɗora ɗansa Faure a kujera. Matsin lambar ECOWAS da Tarayyar Afirka ya sa ya sauka cikin makonni uku, ko da yake ya dawo ta hanyar zaɓen Afrilu da aka zubar da jini a bayansa.

Misalin da ya fi kowanne kyau shi ne Gambiya. Ranar 1 ga Disamban 2016 'yan ƙasar suka kayar da Yahya Jammeh bayan shekara 22 yana mulki. Ya amince da farko, har ya kira Adama Barrow da ya lashe zaɓen ya taya shi murna, sannan ranar 9 ga wata ya ce bai yarda ba. ECOWAS ta naɗa Shugaba Buhari mai shiga tsakani tare da John Mahama na Ghana, wanda shi ma a watan ya faɗi zaɓe ya kuma karɓi ƙaddara. Sau biyu Buhari ya je Banjul, Jammeh ya ƙi. Ranar 19 ga Janairun 2017 aka rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar, Kwamitin Sulhu ya mara masa baya, sojojin Senegal suka tsallaka iyaka. Babban hafsan sojan Gambiya ya fito ya ce yaransa ba za su yi faɗa a kan rigimar siyasa ba. Shugabannin Gini da Muritaniya suka shiga suka yi zaman ƙarshe da Jammeh, ranar 21 ga wata ya hau jirgi, ya ƙare a Ikwatoriyal Gini.

A duba abin da ya haɗu a nan. Jama'ar ƙasar sun riga sun yanke hukunci da ƙuri'arsu. Sojan ƙasar ya janye jiki. Maƙwabta duk bakinsu ɗaya. Ƙasar ƙarama ce, Senegal ta kewaye ta in ban da bakin teku. Sannan an bar wa mutumin ƙofar fita. Na waje ba su kawar da Jammeh ba, tura bangon da ya riga ya tsage suka yi.

Me ya sa abin da ya ci Gambiya ya gagara a Nijar?

Domin kusan babu ɗaya daga cikin waɗancan sharuɗɗa a Nijar, kuma an fara da abin da ya kamata a ƙare da shi.

Kwana huɗu bayan juyin mulkin, ranar 30 ga Yuli, shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja ƙarƙashin Shugaba Tinubu, wanda bai fi mako uku da karɓar shugabancin ƙungiyar ba. A zama ɗaya suka rufe iyakokin ƙasa da na sama, suka dakatar da hada-hadar kuɗi da kasuwanci, suka rufe asusun gwamnatin Nijar, suka ba da wa'adin kwana bakwai a mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke sha. Duk wanda ya taɓa shiga sasancin rigimar gado ko ta fili ya san ba a fara zama da rantsuwa. Idan ka ce nan da kwana bakwai zan yi kaza, ranar ta takwas ko dai ka yi ko girmanka ya zube. Ranar 6 ga Agusta wa'adi ya cika, dubban mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountché suna goyon bayan sojoji, ba abin da ya biyo baya. Ranar 10 ga wata aka sake zama aka ce a shirya rundunar ko-ta-kwana. Rundunar ba ta taɓa motsawa ba.

Sojan Nijar bai rabu ba, manyan hafsoshi sun bi bayan Janar Abdourahamane Tchiani, jagoran juyin mulkin. Mali da Burkina Faso suka ce duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Aljeriya ta ƙi yarda da yaƙi a bakin iyakarta. Faɗin Nijar ya fi na Najeriya. A nan gida, Majalisar Dattawa ta ce wa shugaban ƙasa ya bi hanyar sulhu, sanatocin Arewa suka fito fili suka ƙi, haka ma Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa, ACF, waɗanda duka hedkwatarsu na nan Kaduna.

Akwai kuma Faransa. Da ta fito tana goyon bayan matakin ECOWAS, ta kuma ƙi janye jakadanta bayan an kore shi, sai ta ba sojojin Yamai kyautar da ba su roƙa ba. Magana ta tashi daga kan Bazoum da zaɓen 2021 ta koma kan uwargijiyar mulkin mallaka. Daga ranar, duk wanda ya ce a saki Bazoum sai a ce masa ɗan koren Faransa. A ganina wannan shi ne babban zaluncin da aka yi wa gaskiya a rikicin nan, domin mutum na iya ƙin Faransa ya kuma ƙi a tsare zaɓaɓɓen shugaba ba shari'a. Ni ina cikin waɗannan.

Yallaɓai, mu da muke kasuwanci mun ga takunkumin nan da idonmu. Wa aka hukunta?

Ku aka hukunta, Alhaji, ku da 'yan'uwanku na tsallake. Jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, tsawon sama da kilomita 1,500. Kaduna ba ta cikinsu, amma dabbobi da wake da albasa da dabino da ke shigowa ta Jibiya da Illela da Maigatari a kasuwanninmu suke sauka, kayan masarufi da masara kuma daga nan suke hawa. Motoci suka yi layi a bakin iyaka, kayan da ba sa jure rana suka ruɓe. A Maraɗi da Yamai farashin shinkafa ya tashi, magani ya yi wuya, asibitoci suka koma kan janareta. Gwaggona da ke aure a Maraɗi ta yi rashin lafiya a lokacin, kai mata magani daga Kaduna sai da ya zama aikin kwanaki ta hanyoyin daji a kan babur. Janar ɗin da aka ce ana hukuntawa bai kwana cikin duhu ko sau ɗaya ba.

Shi ya sa masana suka raba takunkumi gida biyu. Akwai wanda ke bin mutum da sunansa, a rufe asusunsa, a hana shi da iyalinsa tafiya. Akwai kuma na kan mai uwa da wabi, wanda ke kama ƙasa baki ɗaya da fatan yunwa za ta sa jama'a su tashi. Na biyun ba kasafai yake kayar da gwamnati ba. Kyuba na ƙarƙashin takunkumin Amurka tun farkon shekarun 1960, Fidel Castro ya ga shugabannin Amurka goma kafin ya sauka don kansa. Mai jin yunwa neman abinci yake yi, kuma gwamnati ta samu wanda za ta ɗora wa laifin komai.

Ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage yawancin takunkumin, kwanaki kaɗan bayan Janar Gowon, ɗan Wusasa da ya kafa ƙungiyar, ya rubuta wasiƙa yana roƙon a yi haka. A watan Maris Najeriya ta ba da umarnin buɗe iyaka da mayar da wuta. Bazoum yana tsare.

Me ya kai sarakuna da malamai cikin aikin jakadu?

Abin da ya kai su shi ne jakadun sun kasa shiga. Tawagar farko ta Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ta je Yamai ranar 3 ga Agusta ta dawo ba ta ga Tchiani ba. Ranar 9 ga wata Khalifa Muhammadu Sanusi na Biyu ya samu ganinsa tare da Sarkin Damagaram. Bayan kwana uku tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta yi doguwar ganawa da shi. Sai bayan nan Abdulsalami ya koma ranar 19 ga wata, ya ga Tchiani, ya ga Bazoum.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san ƙasar. Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne, Gobir na nan na can, Daura da Damagaram sun san juna tun kafin Bature ya ja layi. Malami ko sarki na iya zama da Janar su yi magana da Hausa, ya ce masa ɗana ko ƙanena, ya faɗa masa abin da jakada mai takarda ba zai iya ba. Iyakarsu ita ce buɗe ƙofa suke yi, ba su da abin bayarwa ko hanawa. Da an tura su tun ranar farko, kafin wa'adi da yanke wuta, da wataƙila an samu aƙalla sakin Bazoum da gajeren wa'adin miƙa mulki.

Me ya sa ake ba azzalumin shugaba mafaka maimakon a hukunta shi?

Domin wanda ya san kurkuku ke jiransa ba ya sauka. A Agustan 2003 'yan tawaye na bakin Monrobiya, Obasanjo ya ba shugaban Laberiya Charles Taylor mazauni a Kalaba, ya sauka ranar 11 ga wata, yaƙin Laberiya ya zo ƙarshe. A Maris ɗin 2006 aka nemi a miƙa shi, ya gudu, aka kama shi a Gamboru kan iyakar Kamaru, kotun musamman ta Saliyo ta yanke masa shekara 50 a 2012 kan taimaka wa 'yan tawayen da suka yi ta'asa a yaƙin ƙasar. Waɗanda aka yanke wa hannu a Saliyo sun cancanci wannan hukunci. Sai dai duk wani mai mulki da ke kallo ya koyi cewa alkawarin mafaka na iya warwarewa, kuma hakan ya ƙara wa mai shiga tsakani wahala.

Idan ƙasashe suka ce wane ne shugaba, shi ke nan ya zama?

A'a. A farkon 2019 Amurka da ƙasashe sama da 50 suka amince da Juan Guaidó a matsayin shugaban riƙon Benezuwela. Soja bai bi shi ba. A ƙarshen 2022 'yan adawar da kansu suka rusa gwamnatin riƙon, Shugaba Nicolás Maduro kuwa yana fada a lokacin. Amincewar waje ta yi wa Barrow amfani ne don yana riƙe da sakamakon zaɓe kuma bariki ta yi shiru.

Ba duk makircin Turawa ba ne wannan?

Zargin yana da tushe. Hukumar leƙen asirin Amurka ta amince a 2013 cewa da hannunta a kifar da firaministan Iran Mohammad Mosaddegh a 1953, bayan ya mayar da man fetur hannun ƙasa. Beljiyam ta nemi afuwa a 2002 kan rawar da ta taka a kisan Patrice Lumumba, firaministan farko na Kwango, a 1961. Waɗannan zagon ƙasa ne, ba diflomasiyya ba, amma sau da yawa daga ofisoshin jakadanci aka ƙulla su. Libiya ce ta fi shafar mu. A Maris ɗin 2011 Kwamitin Sulhu ya ba da izinin kare farar hula, Najeriya ma ta jefa ƙuri'ar amincewa. Tarayyar Afirka ta kai shirin sulhu, Gaddafi ya karɓa, 'yan tawayen Bengazi suka ƙi don bai ƙunshi saukarsa ba, jiragen ƙawancen tsaro na NATO suka ci gaba da luguden wuta har aka kashe shi a Oktoba. Makaman rumbunsa suka bazu, arewacin Mali ya faɗi a 2012, kuma har yau yankin Sahel bai huce ba.

Amma kada mu manta mu ma mun yi. Murtala Mohammed ya amince da gwamnatin jam'iyyar MPLA a Angola a 1975 duk da adawar Amurka. A 1979 gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin BP don matsa wa Birtaniya kan Rodeshiya da Afirka ta Kudu. Shekaru muka yi muna neman duniya ta ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata har ta faɗi, kuma muna alfahari da haka. Ke nan ba kowane matsin lamba daga waje ba ne mugunta. Abin tambaya shi ne mutanen ƙasar ne suka nema, ko kuwa an zo ne don ma'adinansu.

An taɓa yi wa Najeriya irin wannan?

An yi. Bayan rataye ɗan fafutukar Ogoni Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Najeriya, Nelson Mandela na kan gaba wajen neman a hukunta gwamnatin Abacha. Turai da Amurka suka hana manyan sojoji biza da makamai, amma ba su daina sayen mai ba, gwamnatin kuwa ba ta girgiza ba. A cikin wannan hali ne sojojinmu na ECOMOG, rundunar ECOWAS, suka mayar da Ahmad Tejan Kabbah mulki a Saliyo a Maris ɗin 1998. Rasuwar Abacha a Yunin shekarar ce ta buɗe hanyar komawa mulkin farar hula ranar 29 ga Mayun 1999.

A Janairun 2015 sakataren harkokin wajen Amurka John Kerry ya zo Legas ya gana da Jonathan da Buhari, ya yi gargaɗin hana biza ga masu tayar da rikici, daga baya Jonathan ya koka cewa gwamnatin Obama ta nuna ɓangare. A 2019 kuwa gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya tayar da ƙura da gargaɗinsa ga 'yan waje masu niyyar tsoma baki a zaɓe. Abin lura shi ne ɗan siyasarmu yakan yi maraba da bakin Turawa idan yana adawa, ya kira shi katsalandan idan ya hau.

Me ya sa ECOWAS ke zafi kan soja amma ta yi shiru kan masu tazarce?

Wannan tambaya ce da ƙungiyar ba ta da kyakkyawar amsarta. A 2015 an kawo shawarar a iyakance wa kowane shugaba wa'adi biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, aka ajiye. A 2020 Alpha Condé ya sauya tsarin mulkin Gini ya yi wa'adi na uku, Alassane Ouattara ma ya yi na uku a Kodebuwa, ba wanda aka rufe wa iyaka. Da soja ya kifar da Condé a Satumban 2021 sai ga takunkumi. Matashin da ke kallo daga Rigasa ko Zinder ya ga ƙungiyar shugabanni ce mai kare shugabanni. Wannan shirun ne ya cinye mutuncin da ake buƙata ranar da aka zo yi wa Tchiani magana.

Yanzu ina aka kwana tsakaninmu da Nijar?

Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, a Satumban 2023, suka sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023, na Amurka suka bar sansanin Agadas a 2024. Kotun ECOWAS ta ba da umarnin sakin Bazoum a Disamban 2023, ba a bi ba, ya cika shekara biyu a tsare tare da matarsa a Yulin 2025. A Maris ɗin 2025 aka rantsar da Tchiani shugaban ƙasa na wa'adin shekara biyar, shi da ya yi maganar shekara uku a Agustan 2023.

Tsakanin Abuja da Yamai kuwa ana tafiya ana tsayawa. Babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai a Agustan 2024 kan tsaron iyaka. A Disamban shekarar Tchiani ya yi hira da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Malam Nuhu Ribadu ya mayar masa da martani da Hausa ya musanta. A Afrilun 2025 ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya je Yamai suka zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, maganar da suka yi kuwa ta tsaro ce da kasuwanci da layin dogon Kano zuwa Maraɗi.